Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu unguwanni da limaman birnin Tawa: asirin wa muke rufewa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayen ƙasa. Allah gafarta malamai. Ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a, tun daga Bilbis da Fakawa har sababbin unguwannin da suka tsiro a bakin gari.

Ni ɗiyarku ce, ko da yake furfura ta rufe mini kai. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin ungozoma a likita, ƙauye da birni cikin Adar, kafin in ajiye aiki. Da yawa daga cikin samarin da ke dafa shayi a fada yanzu ni na yanke musu cibi. Don haka in na faɗi abin da ba a saba faɗa a gaban manya ba, ku yi mini uzuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganar fyaɗe na zo da ita. Da gangan na rubuta kalmar, don a gidajenmu ba ma kiran sunanta. Sai mu ce "abu ya faru", ko "ƙaddara ta afka mata", ko "an ɓata yarinya". Ku duba wannan ta ƙarshen da kyau. Yarinyar ce ta koma ɓatacciya, shi kuwa mai ɓarnar ko sunansa bai shigo zancen ba.

Bari in ba ku labari guda, ba tare da suna ko unguwa ba. Wata rana da hantsi wata mata ta shigo mini da ɗiyarta, yarinyar ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba. Zazzaɓi ne ya kawo su, in ji uwar. Da na ga yadda yarinyar ke takawa, na sallami sauran mutanen ɗakin na rufe ƙofa. Ban daɗe ina dubawa ba na gane. Na ce da uwar, "Baiwar Allah, kwana nawa ke nan?" Ta ƙirga da yatsu, ta ce tara. Na ce, "Me ya hana ki kawo ta tun ranar?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Madam, maza ne suka ce a dakata, za su zauna."

Sun kuwa zauna. Kwana biyu da faruwar abin aka taru a zaure, da baffan yarinyar, da dangin mai shagon da ya kira ta ciki da sunan zai sayi gyaɗa, da dattawan unguwa. Mai shago ya yi kuka, ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya rantse ba zai ƙara ba. Aka yanke jika hamsin na magani, aka raba goro, aka shafa fatiha, aka ce a bar kaza cikin gashinta. Kuɗin ko dala ba ta kai hannun uwar ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zanen da yarinyar ta ɗaura ran nan kuwa uwar ta wanke shi tas tun daren, don kada kishiya ta gani.

Yarinyar ba ta ce uffan ba duk tsawon lokacin da nake duba ta. Sai da zan ba ta magani ta ɗago kai ta ce, "Tiren Inna yana can shagon." Abin da ke cin ranta ke nan. Ta gudo ta bar tire da kuɗin ciniki, tana jiran dukan da za ta sha a kansu.

Bayan shekara biyu aka kawo mini wata, ƙarama ma fiye da ta farko. Da na tambayi inda take talla, layin nan ne, shagon nan ne.

Ranku ya daɗe, wannan ta biyun ita ta sa ni rubuta muku. Ta farko mai shago ne ya cuce ta. Ta biyu kuwa da hannunmu a ciki, mu duka da muka sani muka yi shiru, har da ni da na rubuta abin da na gani a rajista na rufe na koma gida. Ran da aka shafa fatihar nan, abin da mutumin ya koya shi ne farashin ɗiyar talaka jika hamsin ne da ƙwaryar goro, kuma yana da su.

Ban zo in raina zaure ba. Na san rigingimun da kuke kashewa a ƙofar gidajenku waɗanda da sun je gaban alƙali da sun shekara ba su ƙare ba: iyakar gona, ɓarnar dabbobi lokacin kaka, rabon gado, matar da ta yi yaji, bashin da aka ƙi biya. Na kuma san dalilin da ke kawo uban yarinya wurinku maimakon komisariya. Yana tsoron maganar ta fita ɗiyarsa ta rasa mijin aure. Yana tsoron zirga-zirgar shari'a da kuɗin mota. Sau da yawa kuma wanda ya yi abin ɗan gida ne, ko maƙwabcin da ake sallah sahu ɗaya da shi, ko mai hannu da shunin da ke ranta masa hatsi da bazara. Duk wannan gaskiya ne, ba na musu. Amma dokar da ta tsara aikin sarakunan gargajiya, ta shekarar 2015, ikon sulhu ta ba ku a kan al'amuran al'ada da na ma'amala tsakanin mutane. Fyaɗe babban laifi ne, yana hannun alƙalai. Dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu, da gyaran da aka yi mata a 2003, ta yanke wa mai fyaɗe ɗaurin shekara 10 zuwa 20 a gidan kaso, in kuwa wanda aka yi wa bai kai shekara 13 ba, shekara 15 zuwa 30. Ta ƙara tsanantawa idan mai laifin uba ne, ko malami, ko wani mai iko a kan yaron. Laifin da hukuma ta auna da shekara 30, ta yaya zai dawo ƙwaryar goro a hannunmu?

Abu ɗaya nake roƙo a nan, kuma bai fi ƙarfinku ba. Duk ran da aka kawo muku irin wannan magana, ku ce, "Wannan ba ta zaure ba ce." Ku sa a kai yarinya likita a take, ku haɗa uban da wani dattijo ya raka shi wurin ƴan sanda ko jandarmomi. Talakan da zai ji tsoron shiga komisariya shi kaɗai, in ya ga wakilin mai unguwa a gefensa ƙafarsa za ta yi ƙarfi. Akwai sashen ƴan sanda mai kula da yara da mata. Akwai hukumar ANAJJ da aka kafa don taimakon marasa ƙarfi a gaban shari'a, akwai ƙungiyar mata masana shari'a ta AFJN. Yawancin iyayen da na sani ko sunan waɗannan ba su taɓa ji ba, amma ƙofar gidan mai unguwa kowa ya san ta.

Akwai kuma wani "gyara" da ya fi jika hamsin muni, wato a ce tunda ya ɓata ta sai ya aure ta. Na ga an yi. An ɗauki yarinyar da ke firgita in ta ji muryar mutum, an wanke ta, an yi mata lalle, an kai ta ɗakinsa da guɗa. Allah gafarta malamai, ku da ake kira ɗaurin aure, ku tambayi abin da ke ƙarƙashin irin wannan auren gaggawa kafin ku karɓi goronsa.

Ni ba malama ba ce, karatuna bai wuce na makarantar dare ta matan aure ba, ku kuka fi ni sani nesa ba kusa ba. Amma abin da ake kafa hujja da shi a zaure kullum shi ne hadisin wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa. Ina tambaya da ladabi: wannan suturar ta haɗa da mutumin da barinsa a ɓoye zai ba shi damar cutar ɗiyar wani gobe? A Suratun Nisa'i an umarce mu da tsayawa kan adalci da ba da shaida don Allah ko da a kan kanmu ne, ko iyaye, ko dangi. A ƙarshen Baƙara an hana ɓoye shaida. Ku kuka karantar da mu yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi ran da aka aiko Usama ya yi ceton matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, don tana ɗiyar babban gida. Ku kuka ce mana taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma wadda aka tilasta ba ta da laifi, laifin duka yana wuyan wanda ya tilasta ta. To me ya sa ita ce ke daina fita, ita ake cirewa daga lakwal, ita ake turawa ƙauye wurin gwaggo, shi kuwa yana sahun gaba ran Juma'a?

Asirin da ya cancanci rufewa na yarinyar ne. Kada a yaɗa sunanta, kada a zagaya da hotonta a salula, kada a yi ta nuna gidansu da baki. Wannan suturar mu ma a likita wajibi ce a kanmu. Ana iya kai mutum gaban shari'a ba tare da an yi shelar sunan yarinya a kasuwar Lahadi ba.

Na sha jin huɗuba a kan shigar mata, kuma ba na jayayya da ita. Sai dai yarinyar da na ba ku labari hijabi ne a jikinta har gwiwa. Na ga wadda ba ta kai shekara shida ba. Na ga tsohuwa mai jikoki. Na ga yara maza, almajirai da ƴan lakwal, waɗanda su maganarsu ma ta fi nauyi a baki, don yaro namiji ya gwammace ya mutu da ciwonsa da a ji. A Suratun Nur, ayar da ta umarci maza su runtse idanu su kiyaye farjinsu ita ta riga ta mata zuwa. Ina fatan wata Juma'a in ji an tsaya a kan ta farkon kamar yadda ake tsayawa a kan ta biyun.

Yanzu ga abin da na fi sani, aikina. Ina so kowane mai unguwa da kowane liman ya riƙe lamba ɗaya a ka: awa 72, wato kwana 3. A cikin wannan lokacin ne maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar sida yake aiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon ƙarfinsa. Ana shan sa kwana 28. In an wuce kwana 3, ƙofar ta rufe. Maganin da ke hana ciki shiga yana da kwana 5, kuma hana shi shiga yake yi tun farko, ba ya zubar da wanda ya riga ya zauna. Ga maganin sauran cututtukan sanyi, ga allurar ciwon hanta da ta ciwon sarƙe haƙora, wato tetanos, in akwai rauni. Duk zaman da za a yi a zaure, duk jiran da za a yi wa baffa ya dawo daga Ƙonni ko uba ya kira daga Abijan, cikin waɗannan awoyin ake cin sa. Yarinyar da aka kawo mini a kwana na tara, abin da ya rage mini shi ne in wanke ciwo in yi addu'a.

Sannan iyaye mata su sani, kada a yi mata wanka kafin likita ya gani, kada a wanke tufafin. Na san hannun uwa ba ya iya barin wannan, abu na farko da zuciya ke ba ta shi ne ta ɗora ruwan zafi ta gasa ɗiyarta. A daure. A naɗe kayan cikin takarda ko tsumma mai tsabta, ban da leda, don leda na riƙe danshi ta lalata shaida. In ma an riga an yi wankan, ko kwanakin sun wuce, a kawo ta duk da haka, akwai sauran abin yi. Takardar da likita zai rubuta ita ce bakin yarinya a gaban alƙali ran da kunya ta hana ta magana.

Wanda bai ga ƙarshen shirun nan ba ba zai gane abin da nake gudu ba. Na san yarinyar da ta ɗaure ciki da ɗankwali wata bakwai ba wanda ya lura. Na san wadda naƙuda ta yi wa kwana biyu a ɗaki don ana jin kunyar fito da ita, ta tashi da yoyon fitsari. Na san wadda ta haihu ita kaɗai a bayan gida, tsoro ya sa ta yi abin da ya kai ta kaso, wanda ya yi mata cikin kuwa a shekarar ya ƙara aure.

Rigakafi dai ya fi magani, kuma rigakafin nan a bakin iyaye yake, sai dai kunya ta ɗaure bakin. Kunya ado ce, da ita aka san mu. Amma mun kai ta inda ba wurinta ba, har uwa ba ta iya gaya wa ɗiyarta sunan abin da ke jikinta. Yaron da bai san sunan wuri ba, yaya zai kawo ƙarar an taɓa shi? Ni abin da nake gaya wa jikokina tun suna shekara huɗu ba shi da tsawo. Nakan ce, "Inda wando ya rufe ba mai taɓawa, ko kawu ne, ko mushen lakwal ne, ko malam ne. Wanda ya ba ki alewa ya ce kada ki faɗa wa kowa, shi za ki fara faɗa mini. Kuma in kin faɗa ba zan doke ki ba." Wannan ta ƙarshen ita ce ginshiƙin. Ƴaƴanmu ba rashin baki ke sa su shiru ba, sanin halinmu ne. Sun ga yadda muke yi in an fasa kwano, sun auna yadda za mu yi in an zo da babba. Wanda ke farautar yara ya san haka sarai, shi ya sa kalmarsa ta ƙarshe kullum ita ce, "In kin faɗa, Innarki za ta kashe ki."

Mun kuma tarbiyyantar da yaro cewa duk babba ubansa ne, in ya aike shi ya je, in ya kira shi ya amsa. Tarbiyya ce mai kyau, ɗa na kowa ne. A ƙara mata ƙaida ɗaya kawai: aike a ƙofa yake ƙarewa, ciniki ma a ƙofa. Mai talla ba ta shiga ɗaki, ba ta shiga bayan kanti, ba ta shiga kango, ko da za a saye tiren duka. Ba zan ce a hana talla ba, don na san gidajen da in ba a sayar da ƙosan safe ba ba a ɗora tukunyar dare, balle a Adar inda rabin mazan wasu garuruwa suna bakin teku ko Libiya wurin bida, mace ce ke riƙe da gida da ɗan abin da ta soya. Amma mai unguwa na iya cewa a unguwarsa ba yarinyar da za ta yi talla bayan magariba, kuma su riƙa tafiya bibbiyu. Yana iya gaya wa masu shaguna da masu gareji da masu gadin gine-ginen da ba a gama ba cewa duk wanda aka ga ƙaramar yarinya a cikin ɗakinsa zai yi bayani. Wannan ba ya buƙatar kuɗin wani mai ba da agaji. Addini ma ya riga mu: ga umarnin raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma, ga ayar neman izini kafin shiga ɗaki a lokuta uku. Waɗannan darussan kare yara ne, a karantar da su da wannan fuskar.

Sai samari. Duk taron wayar da kai da na halarta a rayuwata, mata ake tarawa. A shimfiɗa tabarmi, a kawo mata ɗari, a gaya musu su kula da kansu, a raba lemu a watse. Waɗanda ke aikata abin ba sa wurin. Suna fada, kuma a fada ne yaro ɗan shekara goma sha biyar ke ɗaukar karatunsa na zaman duniya daga bakin wanda ya girme shi da shekara uku. Can yake jin cewa a'ar mace e ce, jan aji ne kawai. Can yake jin cewa wadda ta ci kuɗinka ta ci bashi, dole ta biya. Can ake miƙa salula hannu zuwa hannu ana dariya. Ba cewa nake fada gidan ɓarna ba ce. Ƴan fada ne ke haƙa kabari, su ke yashe lambatu da damina, su ke kwana gadin unguwa. Don suna da wannan ƙarfin ne nake so a je musu. Liman ɗaya ko dattijo ɗaya da samari ke jin nauyinsa ya zauna a bencinsu, ya sha shayinsu na farko har na uku, ya gaya musu da Hausa ƙarara cewa kuɗin zance ba ya sayen jikin kowa, kuma wanda ya tsare ƙofa ko ya ɗauki hoto abokin laifi ne. Su san kuma tun 2019 akwai dokar laifukan intanet a ƙasar nan, salula ba maɓoya ba ce.

Muna da abin koyi a gida. Makarantar mazaje da aka fara a jihar Damagaram da tallafin hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bazu har ta iso mu, kuma na ga aikinta da idona: magidanta ƴan ƙalilan da ake ganin girmansu suna zama suna shawara, suna bi gida-gida suna jawo hankalin ƴan'uwansu maza su bar mata su je awo su haihu a likita. Mazan da da ba sa yarda a ambaci awon ciki a gabansu, sai ga su suna gyara katangar ɗakin haihuwa. In namiji ya iya shawo kan namiji a kan awo, zai iya a kan wannan. Haka ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a jihar Maraɗi tun 1991, kowane mako suna haɗuwa a kan asusu. A kowace unguwa a sami mace ɗaya a cikinsu, mai riƙe sirri, wadda kowace yarinya ta san in abu ya same ta ga ƙofar da za ta buga ko da tsakar dare ne, a ware kuma ɗan abin da zai biya kabu-kabu zuwa likita. Na taɓa ganin an rasa kwana guda cur saboda dala ɗari biyu.

Mu mata ma kada mu wanke kanmu. Uwar da ɗanta ya yi ɓarna ita ce ta farko wurin cewa yarinyar ce ta kai kanta. Kishiya ta samu abin gori. Maƙwabta su hana ƴaƴansu wasa da ita. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, haka muke faɗa a bakin rijiya, amma in ɗan namu ne sai karin maganar ya ɓace mana.

A lakwal akwai kwamitin iyaye da ƙungiyar iyaye mata, kuma da yawanku kuna ciki. Ku tambaya: makewayin ƴan mata daban yake da na maza, yana da ƙyaure? Mushe yana tsare yarinya ita kaɗai bayan an tashi, ko yana aiken ta share masa ɗaki? Ƴan matan da aka turo daga ƙauye karatun kwaleji, aka ajiye su gidan wani mai riƙo, wa ke leƙa su? Dokar ranar 5 ga Disamba 2017 ta ɗora wa hukuma da iyaye kare ɗiya mace da ke karatu, matakan da suka biyo bayanta kuma sun ba wadda ta yi ciki damar komawa aji. Tambayoyin nan a yi su a makarantar allo ma, ba don zargin kowa ba. Malamin kirki ba ya ƙin a san inda almajiransa ke kwana da wanda ke kwana tare da su.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: to ai shi ya sa muke aurar da su da wuri. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 an aurar da su kafin su kai 18, kashi 28 kuma kafin 15. Da auren wuri yana maganin wannan ciwo, da ƙasarmu ta fi kowace ƙasa lafiya. Ni dai a ɗakin haihuwa ban ga haka ba.

Kada kuma a ce wannan magana baƙuwa ce aka kawo mana daga waje, ko a ce tonon silili ne ga Adarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, ke nan ba mu kaɗai ba ne. Kuma a jiharmu aka yi ɗaya daga cikin shari'o'in da duniya ta ji. Hadizatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan jika 240, ta zama wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa a matsayin mata ta biyar, a yankin Ƙonni. Shekara da shekaru mutane na gani suna cewa al'ada ce. Da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta kai ƙara, ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta kira abin da sunansa, bauta, ta ce ƙasa ta gaza kare ta, a biya ta miliyan 10 na sefa. Ɗiyar ƙauye ce da ba ta yi boko ba. Abin da ta samu shi ne mutanen da suka tsaya a bayanta.

Wanda ba shi da mai tsaya masa shi ya fi ba ni tsoro yanzu. Tun hare-haren yankin Tiliya na watan Maris 2021, da rashin kwanciyar hankalin bakin iyaka, mata da yara sun shigo garuruwanmu ba miji ba wa. Suna wanke-wanke a gidaje, suna kwana a rumfuna da kangaye. Ɗiyar ɗan gari ko ba komai tana da baffan da zai karɓi jika hamsin. Ita wannan ko zaman zauren ba za a yi saboda ita ba. Baƙon unguwa amanar mai unguwa ne, ku kuka gaya mana.

Kowace shekara ranar 13 ga Mayu muna ɗinka anko muna tuna matan da suka yi tattaki a Yamai a 1991 don a ba su kujera a shirin taron ƙasa. Daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba kuma ana kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, a yi jawabi da Faransanci a ɗakin taro, a ɗauki hoto. Uwar yarinyar nan mai tire ba ta taɓa shiga ɗakin taro ba. Amma mijinta yana zuwa Juma'a, ita kuma tana jin lasifikar masallaci daga tsakar gida, tana jin sanƙira in ya zagaya da saƙon mai unguwa. Roƙona shi ne a Juma'ar da ta fi kusa da 25 ga Nuwamba, masallatan Tawa su yi huɗuba ɗaya a kan wannan, a faɗi kalmar da sunanta, a faɗi kwana 3, a faɗi cewa wadda aka tilasta ba ta da laifi. Masu unguwanni kuma su sa a yi shela cewa daga ranar ba a sasanta fyaɗe a zaurensu. Gidajen rediyon garin nan ba za su ƙi ɗauka ba in ku kuka nema.

Mu tsofaffin ungozomomi da muka ajiye aiki muna nan da yawa a gari, ba abin da muke yi sai renon jikoki. In kuna son wadda za ta zauna da matan unguwa ta yi musu bayanin abin da ba zai faɗu a bakin namiji ba, ku aiko yaro, za mu zo da tabarmarmu. Gidana ba ɓoyayye ba ne, mai unguwarmu ya san shi.

In na yi kaushin harshe a gafarce ni. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa malamai lafiya.

Wassalam.

Ɗiyarku,
tsohuwar ungozoma a birnin Tawa